Da Hannun Gwamnati a Ciki

A unguwar Highbridge ta Bronx, cikin birnin New York, a kan wani titi mai hawa tudu wanda tsofaffi sukan tsaya a tsakiyarsa su huta, akwai ɗan kantin wata mata mai suna Suweiba. 'Yar Zangon Kumasi ce. Mijinta Saani direban tasi ne, ba ya shiga sha'anin kantin sai in an roƙe shi ya biya Canal Street ya ɗauko kaya. 'Yarsu ɗaya, Zaituna, a nan aka haife ta, kuma lokacin da wannan abu ya faru shekarunta goma sha biyu. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa, sai in uwarta ta harare ta sannan ta lalubo 'yan kalmomi ta jera.

Kantin bai rasa kaya ba. Akwai man kaɗanya da sabulun salo da turaren wuta, akwai darduma da atamfa da manyan tukwane na biki. Bai rasa masu saye ba kuma, don rabin cinikin ma ba a cikin kantin ake yin sa ba. Mata masu aikin jinyar tsofaffi a gidajen mutane, waɗanda ba sa samun fita sai ƙarshen mako, sukan aiko da saƙon murya su faɗi abin da suke so, Suweiba ta ɗaure a kwali ta aika musu. Wasu a bayan gari suke, wasu a New Jersey, wasu har Ohio. Sun ba ta adireshinsu ne kamar yadda mace take ba 'yar'uwarta mabuɗin ɗaki.

Abin da Suweiba ta rasa shi ne wanda ya san inda wani gari ya ƙare wani ya fara. A Kumasi mai haraji yakan zo rumfa, ya yanka tikiti, ya wuce. A nan harajin ciniki bin kaya yake yi har ƙofar mai saye. In an saya a kanti, na birnin ne. In an aika da kwalin wani gari, sai a karɓi na can, kuma rabon garin a rubuta shi da sunan garin. Lambar yanki ta gidan waya da ake rubutawa a adireshi ba ta taimako sosai, domin ba ta bin iyaka. Ana samun titi ɗaya, wannan gefen na wata hukuma, wancan gefen na wata. Daga shekarar 2018 kuma wasu jihohi suka fara neman nasu rabon daga duk mai aika musu da kaya da yawa, ko da bai taɓa taka ƙasarsu ba.

Kafin nan wani Ado, mai rumfar wayoyi a Canal Street, shi ya sa mata wata manhaja a waya wadda take duba lambar gidan waya ta faɗi haraji. Kowa ya san Ado, an san uwarsa a gida, saboda haka ba wanda ya tambaya. Sai da Rwang ya duba. Rwang mutumin Jos ne, Kirista, akanta mai ɗan ofis a St. George, shi yake yi wa Suweiba takardun haraji kowace shekara. Ya zo kantin wata rana da yamma, ya gwada manhajar da adireshi uku ko huɗu da ya sani, ya ajiye wayar a hankali ya ce wannan abu canka kawai yake yi.

Ya yi mata bayani dalla-dalla. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan: a ba su adireshin da kaya za su je, su faɗi hukumar da take da wurin da abin da za a karɓa. Amma ba kowanne za a ɗauka ba. Akwai waɗanda gwamnatocin jihohi da dama suka haɗu suka gwada, suka ga sun iya aikin, suka sa musu hannu. In irin wannan kamfani ya yi kuskure, waɗannan jihohin ba sa ɗora laifin a kan ɗan kasuwa.

Suweiba ta ce za ta yi shawara. Ta tambaye shi lafiyar matarsa, ta ce ta daɗe ba ta gan ta ba, da irin Hausarta ta Zango da ba ta raba mace da namiji.

"Ya daina zuwa wurina," in ji ta. "Ko ya samu wani kanti ne?"

"Hajiya, a bakinki har matata ta zama ƙato," in ji Rwang.

"Ku da kuka raba, me kuka ƙaru da shi? Ka ce ina gaishe shi."

Zaituna tana zaune a kan kwalin sabulu tana aikin makaranta. Kunnenta ɗaya yana kan littafi, ɗaya yana kan hirar. Daga duk bayanin Rwang kalmomi biyu ne suka zauna mata, gwamnati da hannu.

Suweiba ta yi shawara da mijinta, ta yarda. Ranar wata Asabar da hantsi, kantin cike da mata, wata ma'aikaciyar kamfanin ta kira don a haɗa kwamfutar kantin da tasu. Turancinta yana gudu kamar ana kora ta, sai Suweiba ta miƙa wa Zaituna wayar. Matar ta nemi lambar rajistar kantin, Suweiba ta shiga ciki neman takardar. Zaituna ta tsaya a bayan tebur tana amsa tambayoyi, tana maimaita kalmar adireshi.

Daga cikin masu jira akwai Shafa'atu. 'Yar Nima ce ta Accra, tana jinyar wata tsohuwa, tana haya a wani ɗaki a Mount Vernon. Tana cikin waɗanda suka fara saye a kantin tun yana tebur ɗaya, kuma kusan kowane wata tana sa a aika wa ƙanwarta kaya a Ohio. Takardun zamanta sun daɗe da ƙarewa. Kowa ya sani, ba mai faɗi. A shekarun nan kuwa ko ƙwanƙwasa ƙofa aka yi da ƙarfi sai gaban irinsu ya faɗi. Kusa da ita akwai ƙawarta Akua, mai gyaran gashi, wadda labari ba ya kwana a bakinta.

Shafa'atu ta matso ta yi ƙasa da murya ta tambayi yarinyar su wane ne ke neman adireshin mutane. Zaituna ta rufe bakin wayar da hannu ta amsa da Turanci.

"Bar mini wannan Turancin na hanci," in ji Shafa'atu. "Yi mini da Hausa."

Zaituna ta shiga laluben kalma. Kalmar da matar kamfanin take ta nanatawa 'yar'uwar satifiket ce, kuma ba ta san Hausarta ba. Sai ta tuna maganar Rwang. Ta kuma tuna wata jimla da ta sha ji a bakin babanta da abokansa in suna hirar labaran gida, jimla mai gwamnati da hannu a ciki, wadda take fita a baki sumul.

"Kamfani ne, Anti Shafa. Amma kar ki damu, da hannun gwamnati a ciki."

Ta ji daɗin yadda maganar ta fito ba tuntuɓe, har ta so uwarta tana kusa ta ji. Shafa'atu ta dube ta. Ta mai da robar man kaɗanyar da ke hannunta kan kantar kaya, daidai inda ta ɗauko ta, ta ce ta yi mantuwa a gida. Akua ta ɗaga kai ta kalli 'yar kyamarar da ke manne a kusurwar rufi, wadda ta shekara a wurin ba wanda ya taɓa kula ta, ita ma ta bi bayanta. Ko da Suweiba ta fito da takardar, kantin ya ragu, amma ta ɗauka don an ga tana da uzuri ne.

A makon da ya biyo baya saƙonnin murya suka yi ƙasa. Waɗanda suka aiko ma sai su ce a ajiye musu kayan, za su sake magana. Wata ta ba da sabon adireshi, kwalin ya je ya dawo, ba gida mai wannan lamba a titin. Wata ta kira ta ce a goge sunanta, da aka tambaye ta dalili ta ce ba komai, ta gaji da saye ne. A hanyar masallaci gaisuwa ta gajarce. Matan da a da sukan tsaya su tambayi Suweiba har lafiyar ƙafarta, yanzu daga tsallaken titi suke ɗaga hannu. Shafa'atu kuwa wayarta a kashe.

Suweiba ta fara zargi, kuma ta bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ta fara da Ado. Shi aka ƙwace wa aiki, kuma rumfarsa mahaɗar kowa ce. Ta aiki Saani ya je ya ji bakinsa. Saani ya dawo ya ce Ado bai ma san ta daina amfani da manhajarsa ba, har ya aiko da gaisuwa. Ta koma kan Akua, ta ce ƙila tana shirin buɗe nata kantin ne, tana janye mata mutane. Amma Akua ko shagon gashinta da ƙyar take riƙe shi. Ta zargi sabon man kaɗanyar da aka kawo, ta buɗe roba ta shinshina, lafiyarsa lau.

Saani ne ya kawo labarin. Ya ji shi bayan sallar Juma'a a gidan abincin da direbobi suke taruwa. Ya bari sai da Zaituna ta tafi makaranta ranar Litinin, suna shan koko, sannan ya faɗa mata abin da ake cewa: wai ta miƙa adireshin mutane ga hukuma, kuma maganar daga cikin kantinta ta fito, ba daga bakin maƙiyi ba. Suweiba ta ajiye kofin. Ta ce ita da ta yi shekaru tana riƙe asirin matan nan, ita za a ce wa haka. Saani ya ce shi ya san ba ta yi ba. Sannan ya tambaye ta ko ta tabbata abin da ta sa a kwamfutar nan bai yi ba.

Wannan tambayar ce ta juya zarginta kan Rwang. Ta zauna ita kaɗai a kanti tana tattara abubuwan da ba ta taɓa ɗauka komai ba. Ofishinsa yana kusa da kotu da gine-ginen hukuma. Yana ɗaura taye ko ranar Asabar. Shi ya kawo maganar kamfanin, shi ya nace. Bai taɓa tambayar takardun kowa ba, kuma yanzu wannan ma ya zama abin tuhuma, don wanda ya riga ya sani ba ya tambaya. Ta cire wayar kwamfutar daga bango, ta lulluɓe ta da ɗankwali.

Da Asabar ta zagayo ta rufe kanti, abin da ba ta taɓa yi ba sai ranar salla, ta ce wa Zaituna ta sa takalmi. Suka shiga jirgin ƙasa har ƙarshen Manhattan, suka hau jirgin ruwan da ke tsallakawa zuwa St. George. Zaituna tana son jirgin nan, takan tsaya a waje tana kallon ruwa, amma ran nan uwarta ta zaunar da ita ciki tana ba ta umarni. Ta karanta duk takardar da ke manne a bangon ofishin. In ya ɗaga waya ya yi Turanci, ta riƙe abin da ya ce. Kada ta ci komai da zai ba ta. Zaituna ta tambaya da Turanci ko Kawu Rwang ya yi wani abu ne. Uwar ta ce abin da za su je su gani ke nan.

Rwang ya yi mamakin ganinsu. Ya jawo kujeru, ya miƙa wa Zaituna biskit, ta kalli uwarta ta ce ta ƙoshi. Suweiba ta yi gaisuwa a taƙaice, ba ta tambayi matarsa ba.

"Akanta, ina so ka gaya mini gaskiya tsakaninka da Allahnka. Mutanen nan da ka kawo mini, na wane ne?"

Ya gane ba ranar wasa ba ce. Ya ce kamfani ne na 'yan kasuwa, masu neman riba kamar kowa. Ta ce to me ya haɗa su da gwamnati. Ya ce jarrabawa. Ya ɗauko takarda ya ja layi, ya zana gida a kowane gefe. Jihohin da suka haɗu sukan ba kamfanin adireshi masu wuya, irin waɗanda ke bakin iyaka, da kaya iri-iri, su ga ko zai kai kowane haraji inda ya dace. Sukan duba yadda yake tsare bayanan mutane. In ya ci, a sa masa hannu, kuma ana sake dubawa. Ya ce New York ba ta cikin ƙungiyar, amma wanda ya ci jarrabawar wasu ya fi wanda ba a taɓa gwadawa ba.

Ta tambaye shi abin da yake isa hannun hukuma. Ya ce jimillar abin da aka karɓa don kowane gari, ba sunan mai saye ba. Ta tambaya ko zai rantse cewa ba ranar da wani jami'i zai ga adireshin. Rwang ya gyara tayensa.

"Ba zan rantse ba, Hajiya. In masu haraji suka zo binciken kanti, suna iya neman takardun ciniki. Amma wannan da kamfani ko ba kamfani haka yake, tun ranar da kika aika kwalin farko. Kuma masu haraji daban, waɗanda matan nan suke tsoro daban. Iyakar abin da na sani ke nan."

Da ya rantse mata da sauri, da ta ƙara zarginsa. Ƙin rantsuwar ya ɗan sassauta mata, amma bai warware komai ba. Ta ce to ya gaya mata dalilin da ya sa duk Bronx ake cewa da hannun gwamnati a ciki, kuma wai daga kantinta aka ji.

"Ni cewa na yi sun sa musu hannu," in ji Rwang. "Ban ce da hannunsu a ciki ba. Wa zai faɗi haka?"

Zaituna tana karanta takardun bango kamar yadda aka umarce ta. Ta juyo. Ta tambaya da Turanci ko ba abu ɗaya ba ne. Manyan biyu suka dube ta. Rwang ya ce a'a, ya bayyana mata da haƙuri: in an sa wa abu hannu, an duba shi ne an yarda da shi. In aka ce da hannun wane a ciki, ana nufin an ƙulla wani abu a ɓoye, kuma shi yana cikin masu ƙullawa. Ana faɗin haka ne in an yi sata, ko an kama wani, ko wani ya ɓace.

Yarinyar ta tsaya riƙe da bayan kujera. Ta faɗi abin da ya faru ranar da aka kira waya, da wanda ya tambaye ta, da abin da ta amsa. Ta ce ta ma ƙara da cewa kar ta damu.

Dariya ta kusa ƙwace wa Rwang, ya dubi fuskar Suweiba ya haɗiye ta. Suweiba ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana kallon 'yarta. Sannan ta juya ta ce wa Rwang ya yafe mata, ta zarge shi a zuciyarta har da tayensa. Ya ce ba komai, shi ma da shi ne da ya zargi tayen. Ya ce zai iya rubuta bayani da Hausa a manna a kanti. Ta ce mutumin da ya tsorata da takarda ba a kwantar masa da hankali da wata takardar. Wannan sai an je ƙofa.

A jirgin komawa Zaituna ta yi kuka kaɗan. Uwarta ta bar ta ta gama, ta ba ta ruwa, ta ce ba ƙarya ta yi ba, kuma ba mugunta ba ce, amma maganar ta riga ta yi tafiya, su ne za su bi ta da ƙafa. Ta ce kuma Zaituna ce za ta faɗa da bakinta, da Hausa.

Washegari suka tafi Mount Vernon. Mai gidan ta leƙo ta ce Shafa'atu ta kwashe kayanta tun makon jiya, ba ta faɗi inda za ta ba, ta ma bar katifarta. Suka dawo Highbridge. Saani ya yi 'yan tambayoyi a wurin direbobi, aka ce masa tana kwana a falon Akua, tituna biyu daga kantin, kuma ta daina zuwa aiki, don adireshin gidan tsohuwar ma yana wurin Suweiba.

Bayan la'asar suka hau benen gidan Akua. Suweiba ta ƙwanƙwasa a hankali ta yi sallama. Aka daɗe. Ƙofar ta buɗe iyakar tsawon sarƙarta, idon Akua ya bayyana, ya wuce su ya duba matakala.

"Ku kaɗai ne?"

"Da wa za mu zo?" in ji Suweiba.

"Yanzu ai ba a sani ba."

Ta ce Shafa'atu ba ta nan. Suweiba ta ce to takalman da ke bakin ƙofa a kantinta aka saye su, kuma ba ƙafar Akua ba ce. Aka ji motsi a ciki. Muryar Shafa'atu ta ce a buɗe.

Ta rame. Ba ta ba su wurin zama ba, su ma ba su nema ba. Suweiba ta tura 'yarta gaba. Zaituna ta fara, tana tsayawa tana nemo kalma, sau biyu Turanci ya zo bakinta ta mai da shi. Ta ce Kawu Rwang cewa ya yi an sa wa kamfanin hannu, wato an gwada shi. Ita ce ta juya maganar, don ta ɗauka duk hannu hannu ne. Ta ce Anti Shafa ta yi haƙuri.

Akua ta tafa hannu ta ce yaran nan na Amurka za su kashe mutum da Hausar aro. Shafa'atu ba ta yi dariya ba. Ta tambayi yarinyar ko uwarta ce ta koya mata wannan jawabin a hanya. Zaituna ta ce a'a, da uwarta ce ta koya mata da ya fi haka kyau. Wannan ya sa gefen bakin Shafa'atu ya motsa. Ta ce su zauna.

Amma ba ta sauka daga zarginta ba. Ta ce ta ji, kuskuren yarinya ne. Sai dai adireshinta ya shiga kwamfuta ko bai shiga ba? Suweiba ta ce ya shiga. Kuma kamfanin, gwamnati ta san shi har ta sa masa hannu? Suweiba ta ce haka ne.

"To, Yaya Suweiba, su sun tsaya wa kamfanin. Ni wa ya tsaya mini? Ke kin san mutanen nan? Kin taɓa ganin fuskarsu?"

Suweiba ta ce ba ta taɓa gani ba, kuma ba za ta rantse a kan wanda ba ta sani ba, Akanta ma ya ƙi rantsewa. Ta faɗa mata duk abin da Rwang ya ce, har da maganar masu bincike, ba ta rage ba. Ta ce kamfanin ba za ta iya barin sa ba, don in ta ci gaba da canka haraji wata rana kantin ne zai tafi. Amma akwai abin da yake hannunta. Duk wadda ta zo kanti ta ɗauki kayanta da kanta, harajin na wurin kantin ne, ba a bukatar adireshin kowa. Kayan ƙanwarta na Ohio ma, ta saya a kanti, Suweiba ta ɗaure mata kwalin, ita ta kai gidan waya da hannunta. Tsohon adireshin kuma za ta tambayi Akanta abin da doka ta yarda a goge, ta goge shi a gabanta, abin da ba a yarda ba ta gaya mata gaskiya.

"Kuskurenki ɗaya," in ji Shafa'atu. "Da kin gaya mana kafin ki sa."

Suweiba ta ce wannan gaskiya ne. Ta ɗauki abin kamar sayen sabon sikeli, ba ta tuna cewa kayan da za a ɗora a kai na mutane ba ne.

Shafa'atu ta koma aikinta a makon, da yake 'ya'yan tsohuwar ba su sami wata ba. Ɗakin Mount Vernon kuwa an riga an ba wani, ta daɗe a falon Akua kafin ta sami wani. Akua ta yaɗa gyaran maganar kamar yadda ta yaɗa ta farko, sai dai gyara bai kai saurin ɓarna ba. Mata da yawa suka dawo. Wasu suka ci gaba da karɓar kwali a gida, wasu suka zaɓi hawa tudun ranar Asabar su ɗauka da kansu. Wasu ba su dawo ba sam. Suweiba ta cire ɗankwalin daga kan kwamfutar, kuma duk sabuwar mai saye sai ta zaunar da ita ta gaya mata inda adireshinta zai bi kafin ta karɓa.

Shafa'atu tana zuwa kantin kamar da, tana tsokanar Zaituna, tana kiran ta tafinta. Amma ba ta sake ba da adireshinta ba, ko da na sabon ɗakin, kuma Suweiba ba ta tambaya ba. Wata Asabar Zaituna ta taya ta ɗaukar kwalin Ohio zuwa gidan waya. A bakin ƙofa Shafa'atu ta karɓi kwalin ta ce ta koma, ita za ta rubuta adireshin da kanta.

Zaituna ta hau tudun ita kaɗai. Ta gane cewa hannun da jihohi suka sa wa kamfanin shaida ce kawai cewa ya iya raba haraji, kuma yardar Anti Shafa wani abu ne daban, wanda uwarta ce kaɗai take da shi, kuma yanzu ba duka ya dawo ba.